Mai Fiton da Ya Shiga Bauta da Ƙafarsa

Mahaifina Rohaka ɗa aka haife shi, ba bawa ba. Ba a kasuwa aka sayo shi ba, ba a yaƙi aka kamo shi ba, ba kuma yunwa ce ta kai shi gidan wani ba. Ubansa mai fito ne a mashigin 'yan gishiri da ke ƙasan garinmu Campa, kakansa ma haka. Tun yana saurayi an san shi a bakin kogin Ganga da abu biyu, faɗin kafaɗa da yawan surutu. Idan ya ɗauko mutane daga wancan ƙetare, kafin su iso wannan sun san wanda ya yi faɗa da matarsa jiya da inda kifi ya yi araha.

Mahaifiyata Somila kuwa bacucaniya ce a gidan Mahidatta, babban falken yadi wanda jiragensa ke gangarawa har bakin teku. A gidan aka haife ta, uwarta ma a gidan ta mutu. Kullum da hantsi takan sauko mashigi da manyan tukwanen girki a ka, ta zauna tana goge su da toka da yashi. A nan ya fara tsokanarta.

"Ke mai tukwane, kin gama wanke kogin ne ko da saura?"

"Da saura," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na bar maka gefe guda ka wanke bakinka, ko zai huta da magana."

Masu fito suka yi ta yi masa dariya. Shi ya ba ni labarin nan da bakinsa, ya ce a ranar ya san ya gamu da gamonsa.

Da abin ya yi ƙarfi sai ya sa tufafinsa masu kyau ya je wurin Mahidatta neman ya fanshe ta. Mahidatta ya ƙi. Yana da ciwon ciki na dindindin, kuma babu mai iya dafa masa shinkafar da za ta zauna masa sai ita. Wanda aka haifa a gida kuwa ba shi da wata hanyar fita sai ubangidansa ya ga dama. Saura hanya ɗaya, kowa ya san ta, kuma babu mai hankalin da ke bin ta. Ɗa idan ya zauna da baiwar wani zaman miji da mata, ya zama bawan ubangidanta muddin suna tare. Ranar da ya rabu da ita, ranar ya koma ɗa.

Kakana da ya ji abin da ɗansa ke shirin yi, ajiye gorar tuƙi ya yi ya dube shi.

"Akuya ma sai an ja ta da igiya ake kai ta wurin mahauci. Kai da ƙafarka za ka?"

"Da ƙafata, Baba."

"Mata sun ƙare ne a Campa?"

"Ba su ƙare ba. Wannan ce dai guda ɗaya."

Kakana bai sake yi masa magana ba har ya mutu. Wannan ya tsaya wa mahaifina a rai iyakar rayuwarsa, ba ya son a tayar da zancen.

Ya je ƙofar Mahidatta da 'yar tabarmarsa a naɗe. Mahidatta yana zaune a zaure ana matsa masa ƙafa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ka san abin da kake yi kuwa, yaro?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Duk abin da za ta haifa maka nawa ne."

Mahaifina ya ce nan ne kaɗai ya yi tunanin juyawa. Amma ya riga ya zo, Inna kuma tana laɓe bayan ƙofa tana ji. Ya ce ya yarda. Aka kira maƙwabta biyu suka shaida, aka nuna masa ɗakin bayi.

A gidan masu arziki akwai ma'aikatan haya, akwai bayi, kuma aiki ne ke raba su. Ba a sa ɗan haya sharar ƙofar gida, ko kwashe ganyen da aka ci abinci a kai, ko gyara bayan gida. Wannan na bawa ne. Babban ɗan Mahidatta, Balaka, sa'an mahaifina ne, kuma tun suna yara mahaifina ya taɓa kayar da shi a kokawa a bakin ruwa gaban jama'a. Balaka bai manta ba. Sai ya ba shi tsintsiya, ya ce ƙofar gida ce aikinsa, kuma da sassafe, daidai lokacin da masu fito ke wucewa zuwa mashigi.

Abokansa na da ba su raga masa ba.

"Rohaka, yaya ruwa yau? Tsintsiya na tafiya daidai?"

"Ta fi gorarka tafiya," yakan ce. "Ita ba ta taɓa kifar da kowa ba."

"Ka bar wannan wahala mana. Ga hanya nan a buɗe, babu mai tare ka."

Gaskiya suka faɗa. Sauran bayin gidan idan suka gudu sai a bi sawunsu a kamo su. Shi kuwa da zai jingine tsintsiyar ya bi abokansa, babu alƙalin da zai dawo da shi. Kullum da safe yana tsaye a bakin ƙofar nan, ƙafa ɗaya a waje, ya share har titi, sannan ya juyo ya koma ciki. Wata rana Balaka ya zane shi da igiyar ɗaure kaya saboda an sami kashin saniya a bakin zaure. Inna na shafa masa man kurkur a baya tana kuka, ta ce masa ya tafi, ba za ta riƙe shi a zuci ba.

"Shafa dai," ya ce. "Can sama wajen kafaɗa. In na tafi wa zai riƙa gaya miki miyarki ta yi gishiri?"

Mahidatta ɗan kasuwa ne, ba wawa ba. Da ya ga yana da matuƙin da ya fi duk 'yan hayarsa sanin kogi amma yana shara, sai ya karɓe tsintsiyar ya mai da shi kan jiragen gida. A shekarun nan aka haife ni, aka sa mini Kumuda, daga baya aka haifi ƙanena Minaka. Mu biyu dukiyar gida ne kamar shanun da ke garke. Ban gane haka ba sai ranar da wata baƙuwa ta ga ina kawo ruwan wanke hannu ta ce yarinyar nan tana da natsuwa, matar Balaka ta ce ai in tana so za a iya ba ta ni idan na ƙara tasawa. Na je na gaya wa Inna ina murna an yabe ni. Ta ajiye muciya ta zauna a ƙasa.

Ina da wajen shekara tara abin ya faru. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya tumbatsa, ya yi ja kamar kunun ƙasa, yana jan bukkoki da matattun dabbobi. Mahidatta ya ce lallai sai ya ƙetara, domin ranar sadakar mahaifinsa ce kuma a wancan ƙetare ake yi. Mahaifina ya ce a jira ruwa ya ɗan sauka. Mahidatta ya ce matattu ba sa jira. Suka shiga jirgi, shi da mahaifina da 'yan haya masu filafili.

Sun kai tsakiya sai ga wani ƙaton itace da ruwa ya tumɓuke, saiwoyinsa a sama, yana juyawa. Mahaifina ya karkatar da jirgin ya kauce wa gangar jikin, amma wani reshe da ke ƙarƙashin ruwa ya ɗaga su ya kifar. Rana tsaka ce, mutane cike a gaɓa biyu suna kallo. 'Yan haya kowa ya yi ta kansa, ban kuma ga laifinsu ba. Mahidatta mutum ne mai jiki, ga shi ya naɗa yadi a kan yadi saboda ranar sadaka. Ya nutse kamar dutsen niƙa.

Mahaifina ya bi shi ƙasa. Ya lalubo shi da gashin kai, ya yayyage yadin da ya nannaɗe masa ƙafafu, ya taso da shi. Itacen ya sake juyowa ya matse cinyar mahaifina, ƙashi ya karye, amma bai saki ba. Ruwa ya tafi da su har suka ɓace wa masu kallo. A can ƙasa da gari, wajen gonakin rake, masunta suka same su a kan wani tudun yashi, Mahidatta yana aman ruwa, mahaifina na kwance gefensa, hannunsa har lokacin a cikin gashin tsohon. Da la'asar aka shigo da su gari a keken shanu, rabin Campa na biye.

Doka a kan wannan a fili take, yaro ma ya san ta. Bawan da ya ceci ran ubangidansa daga halaka ya zama ɗa, kuma yana da rabo a gadon gidan daidai da ɗan cikinsa. Mahidatta ba mai kyauta ba ne, amma yana jin kunyar idon mutane, kuma na yi imani abin ya taɓa shi. Da mahaifina ya fara tsayawa da sanda, sai ya tara maƙwabta a tsakar gida ya 'yanta shi a gabansu, ya ce su shaida yana da 'ya'ya uku yanzu, Balaka da ƙanensa Jayaka da Rohaka.

Mahaifina ya durƙusa da ƙafarsa mai lafiya ya taɓa ƙafar tsohon.

"Na gode, Baba. Somila fa, da yara?"

Mahidatta ya kau da kai. "Kai doka ta ambata."

A nan Balaka ya matso. Ya yi magana a hankali, da ladabi, don kowa ya ji. Ya ce yana taya sabon ɗan'uwansa murna, sai dai yana tuna masa abu guda. Somila har yanzu baiwar gida ce. Idan Rohaka ya koma zama da ita, ya koma bawa kamar yadda ya shigo da fari, kuma bawa ba ya gadon ubangidansa.

Mahaifina ya ce in haka ne a riƙe gadon, shi ɗakinsa zai koma. Ya juya da sandarsa ya nufi bayan madafa. Inna na can tana niƙa wake, ni ina tara mata. Ta riga ta ji komai.

"Ina za ka?" ta ce.

"Ɗakina."

"Ba ka da ɗaki a nan."

"Somila, shekara nawa ina yi musu bauta ban tafi ba, sai yau?"

"Yau ɗin." Ta ci gaba da niƙa. "Da can in ka tafi kanka kaɗai ka fitar. Yanzu in ka tsaya, ka rufe mu a ciki har jikokinmu. Dubi yarinyar nan. An riga an yi wa wata alkawarinta, ka sani? Ka shigo domina, na gani, garin nan duka ya gani. To fita domin su."

Ya dubi karyayyar ƙafarsa.

"Wa zai riƙa shafa mini ƙafar?" ya ce daga baya.

"Kumuda za ta riƙa kai maka mai. Tafi tun ban canza magana ba."

Ya kafa bukka a mashigin 'yan gishiri, ya riƙa tuƙa jirgin wani abokinsa. Ƙafar ta warke a karkace, daga nan har mutuwarsa yana ɗingishi a tudu, amma a cikin jirgi ba ka ganewa. Balaka ya sa masu ido a kansa. Kada ya shiga inuwa ɗaya da ita, kada ya ci abin da ta miƙa masa da hannunta. Duk da haka tukwane sai an wanke su, kuma a mashigi ake wankewa. Inna takan sauko da hantsi, ni ina biye da ƙananan. Shi yana zaune a jirgi, tsakaninsu bai fi tsawon gora biyu ba, yana kallon wancan ƙetare.

"Kumuda," yakan ce da ƙarfi, "gaya wa uwarki ta rame. Ko tana ba Balaka rabonta ne? Na ga tumbinsa ya ƙaru."

"Kumuda, gaya wa ubanki ya aske gemun nan, ya zama kamar bunsurun haikali."

Ba na ma buɗe baki. Matan da ke wanki su yi ta dariya, mai idon Balaka na gefe ya rasa abin da zai kai rahoto. Amma idan muka hau tudu za mu koma, Inna ba ta waiwayawa. Damina uku muka yi a haka. A cikinsu Mahidatta ya hana a ba da ni. Ya ce muddin yana numfashi yarinyar tana gida. Wannan kaɗai zan faɗa masa na alheri, kuma ba ƙarami ba ne.

Da ya mutu aka gama kwanakin makoki, sai maganar rabo ta je gaban alƙalai uku a zauren shari'a da ke gefen kasuwa. Mu bayin gida aka jera mu a baya tare da sauran kaya, don a gan mu. Balaka ya fara da cewa babansa ya yi maganar ɗa na uku ne cikin ruɗewar wanda ya sha ruwa. Babban alƙalin, wani tsoho mai ƙaramin jiki da ba ya ɗaga murya, ya tambaya ko akwai wanda ya ga abin da ya faru a kogi. Zaure ya ɗauka gaba ɗaya, har da na waje. Maganar ta mutu a nan.

Aka lissafa rumbunan yadi da gonaki da shanu da jirage. Aka tambayi mahaifina abin da yake so a cikin kasonsa.

"Ranku ya daɗe, ga su can a baya. Mace ɗaya da yara biyu."

Balaka ya yi murmushi, don ya shirya wa wannan. Ya ce doka ta ware abubuwan da ba a rabawa a gado: rijiya, da hanyar shiga, da tufafin da aka riga aka sa, da bayi mata na cikin gida. Waɗannan na magada ne gaba ɗaya. Baiwa takan yi wa kowane magaji aiki bi da bi. Alƙalai suka gyaɗa kai, haka ne.

Mahaifina bai san wannan ba. Ya jingina da sandarsa ya yi tunani, sannan ya ce, "To, tunda ina cikin masu ita, ku gaya mini ranar tawa yaushe ce. In san ranar da zan share bukka."

Mutane suka yi dariya. Shi ba wasa yake ba, abin da ya samu yake neman ya riƙe. Amma tsohon alƙalin ya ɗago kai ya dube shi, ya dubi Balaka.

"Ka ce matar nan ta ku ukun ce?"

"Haka doka ta ce, ranka ya daɗe."

"Ashe Rohaka ubangidanta ne. Ba zai zama bawan kansa don ya zauna da ita ba. Yaran nan biyu kuma na wa ne?"

"Nawa ne," in ji mahaifina.

"Baiwar da ta haifa wa ubangidanta, ita da abin da ta haifa 'ya'ya ne."

Alƙali na biyu ya ce a'a, a dakata. Lokacin da aka haifi yaran nan Rohaka bawa ne, ba ubangida ba, kuma doka ba ta komawa baya ta gyara haihuwa. Suka yi ta ja a tsakaninsu, kowa na kawo abin da ya haddace, mu muna tsaye ƙafa ta gaji. Daga ƙarshe tsohon ya ce ya yarda, abokinsa ya fi shi gaskiya, waɗanda aka haifa an haife su.

"Sai dai," ya ce, "matar ba ta tsufa ba, shi kuma ƙafa kaɗai ya karya."

Zaure ya fashe da dariya, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsohon ya jira aka yi shiru, sannan ya ce wa Balaka ya yi tunani. Duk ranar da ta sake haihuwa, ta fita daga hannunsa ba tare da an ba shi ko zare ba. Idan kuwa magada uku suka yarda a tsakaninsu yau, babu dokar da ta hana biyu su bar wa ɗaya.

Jayaka ya ce shi ya yarda, ya gaji da tsayuwa. Balaka ya yi ta juya zoben hannunsa. Sannan ya ce zai bar mace da yara, idan Rohaka ya bar musu kasonsa duka, yadi da gona da shanu.

"Na yarda," in ji mahaifina, tun Balaka bai rufe baki ba.

"Jirgi fa?" Muryar Inna ce daga baya. "Iska za mu ci?"

Wani dogari ya daka mata tsawa. Tsohon alƙalin ya ɗaga hannu.

"Baiwa ba ta magana a zauren nan," ya ce. "Ni tari na ji. Sai dai tarin ya ambaci jirgi, kuma ina ganin ya yi daidai."

Aka ƙara jirgi. Balaka ya zaɓi mafi tsufa ya ba mu, mai yoyo a gindi. Da aka gama, alƙali ya ce, "Rohaka, ga bayinka nan uku, ka tafi da su."

Mahaifina ya yi kamar an mare shi. Muna fitowa ya ce rana ba za ta faɗi yana da bawa ba. Ya ja mu kai tsaye zuwa rumfar maginin tukwane ya karɓi sababbin tuluna uku, ya karɓi shinkafa ɗanya wurin mai awo da furanni wurin matan bakin haikali. Babu wanda ya yarda ya biya shi. Jama'a suka biyo mu har mashigi.

Muka cika tulunan da ruwan Ganga, kowa ya ɗora nasa a kafaɗa. Ya fara da Inna. Ya sauke tulun daga kafaɗarta, ya ɗebi ruwan ya haɗa da shinkafa da furanni ya yayyafa mata a ka, ya ɗaga tulun ya buga da dutsen mashigi ya tarwatse.

"Ba baiwa ba ce," ya ce. Muryarsa ta kai wancan ƙetare. "Ba baiwa ba ce."

Na ukun ya maƙale. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito, hawaye na bin gemunsa. Inna na tsaye, ruwa na ɗiga daga gashinta, ƙwayoyin shinkafa a goshinta.

"Ƙarasa mana," ta ce a hankali. "Sau uku ake faɗa. Kada Balaka ya ce saura ɗaya."

Ya ƙarasa. Ya juya ta ta fuskanci gabas, ta tafi ita kaɗai a kan yashi, ba ta ɗauke da komai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna na tafiya hannu sake ba. Ba ta san yadda za ta yi da hannayen ba, sai ta harɗe su a ƙirji. Sannan ya yi wa Minaka, sannan ni. Ina tuna sanyin ruwan a wuyana, da yadda kafaɗata ta yi sakayau har na ɗan karkace.

Mun sha wuya a shekarun farko. Jirgin sai da aka yi ta toshe shi da ƙaro da tsumma, ni da Minaka muna kwarfe ruwa da ƙoƙo. Inna ta kafa murhu a mashigi tana sayar wa matafiya shinkafa da miyar wake a ganyen ayaba, kuma ba a daɗe ba fatake suka fara tsallake wasu mashigai don su ci a namu. An sake haihuwa, namiji, Sona, wanda aka haifa ɗa, muka lalata shi da gata. Daga jirgi ɗaya muka yi biyu, daga baya uku. Mutane sun sha ce wa mahaifina ya yi wauta, da ya yi haƙuri shekara guda da ya sami matar ya kuma sami dukiyar. Yakan ce shekara guda tana da tsawo idan 'yarka na hannun wani.

Bai taɓa mallakar bawa ba, ko da ya sami hali. Da ya tsufa ya bar wa Minaka gora, sai ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Yakan je zauren shari'a ya zauna a bakin ƙofa yana sauraro, musamman idan maganar bayi ce. Abin da ya ji sai ya kawo mashigi. Ya shiga jirgi ya zauna a gindi kusa da masu ɗaukar kaya, ya fara surutunsa kamar da kogi yake.

"Ashe wanda aka ciyar a shekarar yunwa ya zama bawa, shanun huɗa biyu ne fansarsa. Ni ban sani ba sai jiya. Ashe macen da aka jinginar, idan aka doke ta ko aka sa ta kwashe ƙazanta, ta fita ke nan. Ashe abin da bawa ya samu da guminsa bayan ya gama aikin gida nasa ne. Abin mamaki ba ya ƙarewa."

Iyayen gida suna gaba suna ji, suna tsuke fuska. Wasu suka daina hawa jiragenmu, Minaka ya yi ta ƙorafi. Mahaifina ya ce su tafi, kogi da faɗi. Ban san mutum nawa maganar nan ta fitar ba. Na san dai wani mai suna Gomika da ya zo wata rana yana jan bijimai biyu zai ƙetara da su gidan ubangidansa, ya dawo da yamma ba bijimai, gashinsa a jiƙe, ya zauna kusa da mahaifina suka yi ta kallon ruwa.

Inna ce ta riga shi, da zazzaɓin bayan damina. Bai yi kuka a gaban mutane ba, sai dai surutun ya ragu, ya ragu, har ya zama sai an tambaye shi yake magana. Da sanyi ya shigo ya bi ta. Ranar da aka kai shi bakin ruwa don a ƙona gawar bisa al'ada, masu fito na mashigai duka sun ɗaure jiragensu sun zo. Ban da su akwai wasu mutane da ban san fuskokinsu ba, maza da mata, wasu daga ƙauyuka masu nisa, kowa da ɗan itacensa a hannu. Suka yi ta ɗorawa har tarin ya fi na wani attajiri tsawo. Jayaka ma ya zo, ya tsufa, ya tsaya cikin 'yan'uwan mamaci, babu wanda ya ce masa ya matsa.

Da wuta ta mutu muka tattara tokar, ni da Minaka da Sona muka shiga jirgi muka kai ta tsakiyar kogi muka zuba. Muna can sai muka hangi mutane a wancan ƙetare sun taru da kayansu suna ɗaga hannu, tun safe babu mai ɗauko su. Minaka ya dube ni. Na ce masa ya ƙarasa, ai mun riga mun yi rabin hanya.